Tiyon Na'urar Numfashina da Hunturun Katsina

Ni mutumin Katsina ne, a cikin birni aka haife ni wajen Ƙofar Marusa, kuma na yi aikin koyarwa a makarantun sakandare har Allah ya kawo lokacin ajiye aiki. Tun daga shekarar 2019 ba na kwana sai da na'urar taimakon numfashi wadda likitoci ke kira CPAP, kuma a tsawon waɗannan shekaru mutane da dama sun yi sallama a ƙofar gidana a kan wannan magana, wasu an rubuta musu na'urar suna shakkar ta, wasu kuwa sun riga sun zuba kuɗi masu yawa sun saya, amma bayan 'yan makonni sun naɗe ta sun ɗora a saman kabad. Kusan duk wanda ya ajiye tasa, idan na bi diddigin zancen, sai in tarar injin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ga tiyon da ke ɗauko iska daga injin ya kai ta fuska: ko dai ruwa ne ya riƙa taruwa a cikinsa, ko ya fara wari, ko kuma ya huje mai shi bai sani ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya same ni da abin da na koya game da wannan tiyo, musamman irin wanda ke ɗumama kansa da lantarki, domin a garinmu shi ne abin da sanyi da ƙura da rashin wuta suke fara tasar wa.

Minshari dai na daɗe ina yin sa tun ina matashi, kuma a wurinmu ba a ɗaukar sa ciwo, abin tsokana ne tsakanin abokan wasa. Uwargidana ce ta fara lura cewa abin ya sauya salo. Wata safiya bayan na dawo daga masallaci ta ce mini, "Malam, ni fa minsharin bai dame ni ba, na riga na saba, shirun da ke biyo bayansa ne yake tayar mini da hankali, domin sai ka ɗauke numfashi har in yi zaton rai ya yi halinsa, sannan ka fizgo shi da ƙarfi kana shure-shure." A lokacin ina tashi da ciwon kai da bushewar baki, ina fita fitsari sau da yawa cikin dare, ina gyangyaɗi a taron malamai, har huɗubar Juma'a ba kasafai nake jin ƙarshenta ba. Hawan jinina ya ƙi jin magani duk da an sauya mini ƙwayoyi. Abin da ya sa na daina ɗaukar lamarin da wasa shi ne ranar da idona ya rufe ina tuƙi a hanyar Kano, tsakanin Kankiya da Tsanyawa, ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta farkar da ni bayan motar ta sauka daga kwalta. Allah ya tsare, babu kowa a gefen hanya.

Likitan da ke duba ni a kan hawan jini shi ne ya haɗa waɗannan alamomi wuri guda, ya tura ni Abuja gwajin barci, inda aka ɗaura mini ɗamara a ƙirji, aka sa mini siririn tiyo a ƙofar hanci, aka maƙala mini abin auna iskar oksijin a ɗan yatsa, na kwana da su. Bayanin da aka yi mini shi ne, idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro da tushen harshe da bayan ganɗa suna sakewa, to ga wasu mutane sakewar tana kaiwa har hanyar iska ta rufe, oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe su su ja numfashi, su koma barci ba su ma san sun farka ba. Duk ɗaukewar numfashi ko raguwarsa da ta kai daƙiƙa 10 ake ƙirgawa. Idan ta faru sau 5 zuwa 15 a awa guda ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici ne, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani ne. Nawa ya haura 30.

Masu zuwa duba ni a farkon lamarin, da sun ga takunkumi da tiyo a gefen gado sai jikinsu ya yi sanyi, suna zaton oksijin aka sa mini irin na wanda ke kwance rai a hannun Allah. Alhali iskar ɗakin ce kawai injin yake zuƙowa ta cikin filta, ya turo ta da ɗan ƙarfi domin ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ana auna wannan ƙarfi da santimita na ruwa, yawanci daga 4 zuwa 20, kuma likita ne yake tsayar da wanda ya dace da mutum. Wani likita ɗan Ostareliya mai suna Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro wannan dabara a birnin Sidni, ya wallafa sakamakonta a 1981. Tunda kuwa maganin gaba ɗaya ƙarfin iska ne, duk abin da ya sa iskar ta zurare a hanya, ko ya sa mutum ya fizge takunkumin cikin dare ya yar, ya rushe maganin ko da injin sabo ne fil.

Da damina na fara amfani da ita, kuma cikin 'yan makonni na ga canjin da ban taɓa zato ba, domin ciwon kan safe ya tafi, gyangyaɗi ya ragu, hawan jinin ma ya fara jin magani. Tiyon da ya zo da na'urar irin na gama-gari ne, roba ce zalla mai tsawon kusan mita 2, kuma bai ba ni wata matsala ba har sai da iskar hunturu ta kaɗa a ƙarshen Nuwamba. Duk wanda ya san Katsina ya san yadda iskar wannan lokaci take bushewa har leɓe ya tsage, to sai a yi tunanin a riƙa tura wa mutum ita cikin hanci da ƙarfi tun daga isha'i har asuba. Hancina ya riƙa toshewa, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, wata rana har da haɓo. Na'urar tana da ɗan tankin ruwa da ke zaune a kan faranti mai zafi, iskar tana ratsa samansa ta ɗebi laima kafin ta shiga tiyo, don haka likita ya ce in ƙara lambar laimar. Na ƙara, hanci ya samu sauƙi, sai kuma wata sabuwa ta ɓullo.

Wajen ƙarfe uku na dare, lokacin da sanyi ya fi sauka, sai in ji tiyon yana wani irin ƙugi yana ɓal-ɓal-ɓal, da na juya sai ruwa mai sanyi ya gangaro cikin takunkumi ya fantsamar mini a hanci. Babu wanda zai koma barci bayan wannan. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: iska mai ɗumi tana riƙe laima fiye da mai sanyi, to idan ta baro tanki da ɗuminta ta bi tiyon da ke kwance cikin ɗakin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 15, kamar yadda yakan yi da asubahin Disamba da Janairu, sai ta huce a hanya, laimar da ta kasa riƙewa ta koma ɗigon ruwa a jikin robar, kamar yadda tururi yake komawa ruwa a cikin murfin tukunya. Idan na rage laima hanci ya bushe, idan na ƙara ruwa ya taru. A wannan tsaka mai wuya ne yawancin mutanenmu suke haƙura da na'urar, su ce ba ta karɓe su ba.

Kafin in sami mafita ta sosai, na yi dabarun da ake yi, kuma har yau ina ba da shawararsu ga wanda ba shi da halin sayen wani abu. Na sauke injin daga kan durowa na ɗora shi a kan 'yar kujera da ta fi katifa ƙasa, domin ruwan da ya taru ya gangara tanki maimakon fuska. Na kuma kai wa telan unguwarmu wani tsohon bargo mai laushi, ya yanka ya ɗinka wa tiyon riga doguwa mai zif, yana ɗinki yana dariya yana cewa, "Malam, tunda nake sana'ar nan ban taɓa auna tiyo ba sai yau." Rigar ta taimaka ƙwarai, amma a dararen da sanyi ya yi tsanani ruwan bai daina taruwa gaba ɗaya ba.

Tiyo mai ɗumi shi ne ya raba gardamar. Wanda ya riƙe shi a hannu ya ɗaga shi wajen haske zai ga siririyar waya ta nannaɗe shi daga wannan baki zuwa wancan, a cikin ƙashin robar da ke zagaye da shi, a tsakanin zagayen kuma robar sirara ce ƙwarai har ana hango yatsa ta cikinta. A bakin da ke shiga injin akwai 'yan ƙananan ƙarafa da ke karɓar wuta, a bakin da ke haɗuwa da takunkumi kuma akwai ɗan abin auna zafi da ya leƙo ciki, wanda yake sanar da injin ɗumin iskar da ta iso fuska domin ya ƙara ko ya rage. Ta haka jikin tiyon ba ya yin sanyin da laima za ta koma ruwa. A na'urorin kamfanin ResMed, alal misali, ana iya saita ɗumin tiyon daga digiri 16 zuwa 30, kuma a kan 27 yake zuwa daga masana'anta. Ni 27 ɗin ya yi mini yawa, ina jin iskar ta yi nauyi, don haka nakan rage kaɗan, amma wannan kowa da yadda hancinsa yake so.

Sayensa ma sai da aka sha fama, domin a shekarar 2020 ne, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe jiragen ƙasashen waje daga Maris har zuwa Satumba, kayan irin waɗannan na'urori suka yi ƙamfa. Wani ɗan kasuwa a Legas ya aiko mini da guda ta mota, yana rantsuwa cewa duk ɗaya ne, da ya iso sai ya ƙi zama a bakin injin. Tiyon gama-gari kusan kowane inji yana karɓar sa, domin bakinsa na milimita 22 ne a ko'ina, amma mai ɗumi kowane kamfani da irin mahaɗin wutarsa, kai ko a kamfani ɗaya ma sabon samfuri ba ya karɓar na tsoho. Misali, tiyo mai ɗumi na injin ResMed samfurin AirSense 10 ba ya aiki a samfurin AirSense 11. Saboda haka duk mai aike, ya ɗauki hoton takardar da ke manne a ƙarƙashin injinsa da hoton bakin tsohon tiyon ya tura wa mai sayarwa, kuma su yi yarjejeniyar mayarwa kafin ya tura kuɗi.

Wanki shi ne inda na fi so mai karatu ya tsaya ya natsu. Masu ƙera waɗannan kaya sun ce a wanke tiyo sau ɗaya a mako, kuma a nan na yarda da su ɗari bisa ɗari, domin wuri ne mai ɗumi da laima da duhu, numfashin mutum kuma yana komawa cikin bakinsa, babu abin da fumfuna da ƙwayoyin cuta suke so kamar haka. Ranar Asabar da hantsi nake yin nawa domin ya sami yini guda ya bushe. Nakan fara cire filogi, sannan in kama tiyon ta wuyansa mai kauri in zare, ba na taɓa jan sa ta jiki, domin daidai inda siririyar robar ta haɗu da wuya nan ne yake fara yagewa, nan ne kuma wayar take tsinkewa. Ina da wata roba da na keɓe masa, ba a wanki ba a wanke-wanke a cikinta. Nakan zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bayan hannu zai iya jurewa ba tare da an janye ba, in ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka marar ƙamshi, ɗigo biyu ko uku, in nutsa tiyon har ruwan ya shiga cikinsa, in toshe bakunan biyu da tafin hannu, in riƙa ɗaga wannan ina sauke wancan, ruwan yana kaiwa yana komowa. Idan na sa ɗan yatsa a bakin da ke wajen takunkumi kafin wanki nakan ji wani santsi-santsi, bayan wanki kuwa sai in ji robar tana kama yatsa, da haka nake gane ya fita. Bayansa kuma, cikin kwarmin da ke tsakanin zagayen, nan ƙurar hunturu take maƙalewa, sai an bi da tsumma mai laushi, kuma ruwan da ke fita jaja-jaja yake, launin ƙasarmu sak. Daga nan sai ɗauraya, a yi ta zuba ruwa mai tsabta yana fita ta ɗaya bakin har kumfa ta ƙare ƙaf, domin sabulun da ya rage a ciki huhu ne zai sha shi.

Littafin da ya zo da nawa ya yarda a tsoma shi duka cikin ruwa, har da wajen ƙarafan wutar, da sharaɗin su bushe sarai kafin a mayar da shi jikin inji. Kowa ya duba nasa littafin, domin kamfanoni sun bambanta. Akwai dogon buroshi da ake sayarwa na zura wa tiyo, ina da shi, amma a tiyon gama-gari kawai nake amfani da shi, mai ɗumin kuwa ina jin tsoron ya soke siririyar robar ko ya karya abin auna zafin.

Abubuwan da ba a sa masa su ne ainihin waɗanda hannun mutanenmu ya fi saurin kaiwa gare su: omo, da bilic, da sifirit, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Dettol, da tafasasshen ruwa. Suna cinye robar ta taurare ta fara tsagewa, sannan warinsu ba ya fita. Mun ɗan yi ja-in-ja da uwargida a kan wannan, domin ita a ganinta abin da bai yi ƙamshi ba bai wanku ba, har ta taɓa cewa, "Malam, ka bari in ɗan turara maka shi mana, abin da zai kwana a hancinka." Na ce mata, "Hajiya, turarenki na gode, amma a bar shi a falo da tufafi." Daga baya ma muka daidaita cewa ba a kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin kwana, idan kuma an fesa maganin sauro sai an rufe injin da zane an bar ɗakin ya sha iska, saboda duk abin da ke yawo a iskar ɗakin injin zai tattaro shi ya tura cikin ƙirji. Haka nan basilin da muke shafawa a fuska da cikin hanci lokacin sanyi yana lalata robar takunkumi, don haka da dare ba na shafa shi inda takunkumin ke zama.

Shanya ma tana da nata ƙa'idar. Ba a shanya shi a rana, domin ranar Katsina tana gasa roba, kuma da hunturu ko a inuwa aka rataye shi a tsakar gida, kafin la'asar ƙura ta shiga ta manne a jikin danshin, wankin ya tashi a banza. A cikin ɗaki nake rataye shi a kan igiya, tsakiyarsa a sama bakunan biyu suna kallon ƙasa, in rufe taga. Da hunturu kafin azahar ya bushe, da damina kuwa har magariba akan ga 'yan ɗigo a cikin kwarmin, sai in goge ƙarafan wutar da busasshen tsumma, in haɗa shi da inji babu ruwa a tanki, in bar iska ta bi ta cikinsa na 'yan mintoci. Wanda ba a amfani da shi kuma a sa shi cikin jakar yadi mai tsabta a ɗaure bakinta. Na taɓa sauko da tiyon da ke rataye a bayan ƙofa na tarar zanzaro ya fara gini a cikin bakinsa, kuma kyankyaso ma ba ya ƙin irin wannan mafaka.

Tsabtar tiyo ba ta yiwuwa idan tanki da filta suna da datti, tunda daga wurinsu iskar take fitowa. Ruwan da aka fi so a tanki shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, wanda babu gishirin ƙasa a cikinsa, ana samun sa a manyan shagunan magani da wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Ruwan famfonmu na dam ɗin Ajiwa ba kowace unguwa yake kaiwa kullum ba, yawancinmu ruwan bohol da na 'yan garuwa muke sha, kuma shi wannan yana barin farin ɓawo a gindin tanki. Tafasa shi yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya fitar da gishirin. Wasu sukan ce a sayi ruwan batir wajen masu gyaran mota tunda shi ma tatacce ne. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin a shago ɗaya ake ajiye shi da ruwan asid, a cikin jarkoki iri ɗaya marasa rubutu, kuma ba don shaƙar ɗan Adam aka tanade shi ba. Idan tataccen ya yanke mini nakan yi amfani da ruwan gora, in zubar da ragowar kowace safiya, in bar tankin a buɗe ya bushe, idan ɓawo ya fara fitowa in jiƙa shi da farin khal kashi 1 cikin ruwa kashi 10, in ɗauraye sosai. Filta kuwa, farin ɗan ƙyalle ne da ke bayan inji, wanda wasu littattafan suka ce yana iya kaiwa wata 6. Wanda ya rubuta haka bai taɓa kwana a Katsina cikin Janairu ba, domin a nan cikin mako biyu yake komawa ruwan ƙasa, kuma irin na yarwa ba a wanke shi, sauyawa ake yi.

Wani abokina ya taɓa kawo mini tallar wani ɗan akwati da aka ce yana tsabtace tiyo da takunkumi da iskar ozon, wata irin iskar gas mai kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da ruwa ba. Ban saya ba, domin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Fabrairun 2020 cewa ba ta amince da irin waɗannan na'urori masu ozon ko hasken ultrabayolet don wannan aiki ba, kuma ozon ɗin da ya rage a tiyo yana iya ƙona hanyar numfashi. A watan Yunin 2021 kuma kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin na'urorinsa na taimakon numfashi saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya ruɓewa ya bi iska, aka kuma bayyana cewa zafi da laima da amfani da ozon suna iya hanzarta ruɓewar. Ina ambaton wannan ne saboda da yawa daga cikin na'urorin da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, don haka mai sayen tsohuwa ya binciki samfurinta tukuna.

Sai maganar wuta, wadda babu littafin da ya yi mana tanadinta. Fankar injin ba ta cin wuta sosai, farantin tanki da wayar tiyo su ne masu shan batir. Ina da sola da inbata, amma abin takaicin shi ne lokacin da na fi bukatar tiyo mai ɗumi, wato tsakiyar hunturu, shi ne lokacin da hazo ke tare rana, ƙura kuma ta lulluɓe faifan sola, batir ya kwana bai ƙoshi ba. A irin wannan dare idan babu wutar gari, gara in kashe ɗumin gaba ɗaya in mayar da tiyon gama-gari da rigarsa ta bargo, in bar ruwa a tanki iska ta ɗebi abin da ta iya, da injin ya mutu mini ƙarfe biyu na dare. Rigar bargon ta tiyon gama-gari ce kawai. Mai ɗumin ba na sa masa riga, ba na kuma danne shi a ƙarƙashin bargo ko filo, a sarari nake barin sa ya bi ta ƙasan gidan sauro.

Tiyona mai ɗumi na farko ya yi mini aiki har wani dare da na ji ƙugin ruwa ya dawo alhali ban taɓa saitin komai ba, na shafa jikinsa na ji shi sanyi ƙalau. Ɗana ya kai shi wurin wani mai gyaran rediyo, ya gwada da mita ya tabbatar wayar ta tsinke a wuya. Mutumin kirki ne, domin cewa ya yi, "Ka gaya wa Baba zan iya haɗa wayar da dalma in naɗe da baƙin tef, amma ni ba zan sa abin da na yi wa haka a fuskata in yi barci ba." Gaskiya ya faɗa. Mahaɗin waya yana iya yin zafi fiye da kima, ga shi kusa da fuska da gidan sauro, tef da gam kuma idan suka ji ɗumi wari suke fitarwa, gefensu yana tara datti, kuma ba sa riƙe iska na dogon lokaci. Tiyo mai ɗumi idan ya lalace sauya shi ake yi.

Huji shi ya fi wuyar ganewa, domin ba ya ƙara, sai dai mutum ya ga gyangyaɗin rana yana dawowa, ko lambar zurarar iska da injin yake nunawa da safe ta hau alhali takunkumin yana zaune daidai. Hanyar da nake bi ita ce in kunna injin, in toshe bakin tiyon da tafin hannu, in jiƙa bayan ɗaya hannun in bi jikinsa a hankali ina ɗan lanƙwasa shi, duk inda iska ke fita zan ji sanyinta. Ranar wanki ma idan na cika shi da ruwa nakan duba ko wani wuri yana tsattsafo. Ban da huji, idan robar ta koma rawaya ta taurare, ko wuyan ya saki yana zamewa daga takunkumi, ko wari ya ƙi fita bayan wanki, lokacinsa ya yi. Idan kuwa aka ga baƙaƙen ɗigo a ciki, fumfuna ce, ba a tsaya gwada wanki ba.

Masu karanta bayanai a intanet sukan tambaye ni batun da ake cewa a sauya tiyo duk wata 3. Asalin wannan lissafi shi ne tsarin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin Amurka, Medicare, wanda yake biyan kuɗin sabon tiyo duk wata 3, tankin ruwa duk wata 6, filtar yarwa kuma biyu a wata. A fahimtata wannan jadawalin biyan kuɗi ne, ba ya nufin tiyon da aka kula da shi yana mutuwa ranar da ya cika kwana 90. Mu nan daga kuɗin fansho muke saye, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin tiyo guda ya zama abin da sai an zauna an yi shawara. Duk da haka ba na goyon bayan wanda zai riƙe tiyo ɗaya shekara da shekaru yana liƙe-liƙe, kuma ba na sayen na bogi marar suna don araha, domin abu ne mai ɗauke da wuta.

Tsarin da na tsaya a kai shi ne raba shekara biyu. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu tiyo mai ɗumi nake sawa, haka ma wasu dararen Agusta idan an kwana ana ruwa gari ya yi sanyi. Da bazara ta shigo, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40 kuma ɗaki ba ya hucewa har asuba, babu ruwan da zai taru a tiyo, sai in wanke mai ɗumin, in busar da shi sarai, in naɗe shi da faɗi ba tare da karya shi ba, in ajiye cikin jakarsa, in koma na gama-gari mai sauƙin kuɗi. Wanda yake kwana da na'urar sanyaya ɗaki kuwa lissafinsa daban ne, domin shi hunturunsa ba ya ƙarewa. Nakan yi odar sabo tun watan Satumba ta hannun masu zuwa Umara ko 'yan uwa da ke waje, domin kada sanyi ya iso ina jiran kaya, kuma kullum akwai sabon tiyon gama-gari guda a cikin ledarsa a kabad saboda ɓacin rana.

Wani maƙwabcina da nasa ya yage ya taɓa roƙo na in ba shi tsohon nawa ya lallaɓa kafin nasa ya iso. Na ba shi sabon da ke kabad, na ce ya mayar mini idan nasa ya zo, domin tiyon da wani ya yi watanni yana numfashi a ciki ba abin aro ba ne ko an wanke shi. Tsofaffin nawa almakashi nake sa musu in yanka gunduwa-gunduwa kafin in zuba a shara, saboda 'yan bola jari suna tsintar duk abin da ke da waya a jiki, kuma ba na so wata rana a wanke shi a sa a leda a sayar wa wani a matsayin sabo.